Uwar Ƙwari Ta Fita Neman Baƙon Jini

A wurin aiki Uwar Ƙwari kowa ke ce mata. Tun tana goyon 'yarta ta fari aka ɗauke ta a tashar binciken noma, aka ba ta wani ɗaki mai taga ɗaya, cike da kejin raga. Aikinta kiwon wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi a baya, masu cinye darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke tsotse ganyen shuka. In sun yi yawa sai a zuba su a kwalabe a kai wa masu lambu, su sake su maimakon feshi. Yanzu 'yar ta yi aure har ta haihu, ita kuwa tana nan tana share keji da ɗan buroshi, baya ya ƙage, ido ya fara gajiya.

"Mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, ke kina kiwon abin da ko miya ba ya shiga," in ji maigidanta, tsohon direba. Da can takan rama. Yanzu sai dai ta miƙe ƙafa ta ce ya miƙo mata man zafi.

Sannu a hankali ƙwarin suka fara lalacewa. Ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa sosai, waɗanda suka fito kuma ga darɓa a gabansu, amma sai su yi ta zagaye kamar an tashe su daga barci. Masu lambu suka soma ƙorafi. Ta wanke keji, ta canja abinci, duk a banza. Har ta fara zargin hannunta.

Dakta, shugabar sashen, ta aika da wasu aka gwada, sannan ta zo ta same ta.

"Yaya, ba laifinki ba ne. Duk ɗakin nan zuri'ar 'yan ƙalilan ne da aka kamo tun farko. Auren zumunci ya yi musu yawa, jininsu ya zama ɗaya. Ciwon da ya kada ɗaya zai kada sauran. Sai an kawo bare."

"To wa zai kawo?"

Dakta ta dube ta. Ma'aikata sun ragu, kowa ya sani.

Haka Uwar Ƙwari ta ɗauki raga da kwalabe ta shiga gonaki. Yawancinsu warin magani suke, ganye fes, babu darɓa, babu mai cinta. Wani manomi ya gan ta durƙushe tana ɗaga ganye.

"Inna, me kika yar?"

"Surukai nake nema, ɗana."

Sai a wani fili da aka bar wa ciyawa, bayan tsohon gareji, ta dace. Ƙwarin wurin ƙanana ne, wasu jansu ya yi duhu, wasu ɗigonsu ya fi yawa, ga gudu. Ta kama abin da ya samu, ƙaya ta yage mata zane.

Bayan an killace su an tabbatar ba su da cuta, aka haɗa su da na gida. 'Ya'yan da suka fito suka far wa darɓa kamar masu jin haushinta. Dakta ta yi ta murna, sannan ta ce dole a riƙa yin haka duk shekara, kuma daga wurare daban-daban.

Uwar Ƙwari ta kife bokiti ta zauna a kai.

"Allah ya kai mu," ta ce. "Amma a samo mini takalmin roba."