Raili, wadda ta shayar da jirgin Tauno

Da watan Oktoba ya kama, tun gari bai gama wayewa ba za ka tarar da Raili Sjöholm a bakin gaɓa, rigar aikinta na ƙaurin man inji, gahawarta na hucewa a kan durom. Jiragen ruwa na jere suna jiran a tsamo su kafin teku ta daskare. Duk wanda aka ɗago, ita ke kankare gansakukar gindinsa, ta tsiyaye ruwan injinsa, ta cire batir, ta bubbuɗe akwatunansa don kada funfuna ta kama. Daga nan a tura shi babban ɗakin ajiya mai ɗumi, ya kwanta har ƙanƙara ta narke.

Aikinta ke nan tun tana budurwa a wannan ƙaramin gari namu na gaɓar Finland, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Ba zan ce tana da fara'a ba, don ba ta da ita. Wanda ya taɓa manta ragowar kifi a jirginsa ya san kaifin harshenta.

Hunturun bara waccan ne wata tsohuwa, Helmi, ta zo mata da jirgin mijinta Tauno. Tauno kafinta ne, shi ya ƙera jirgin da hannunsa, kuma duk shekara a rumfar sanyi ta bayan gidansu yake ajiye shi. A shekarar ɓarin jikinsa ya shanye, rufin rumfar kuma ya rufta. Likita ya faɗa wa Helmi gaskiya, cewa da wuya tsohon ya ga wani hunturun. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: in teku ta buɗe, a kai shi tsibirin da bukkarsu take, a cikin jirginsa.

Helmi ta ce, "Raili, a sa mini shi ciki, inda ɗumi yake."

"Na katako ne fa, Helmi. Ɗumin nan na jiragen roba ne. Katako in ya sha ɗumi bushewa yake, allunan su tsuke, ki sa shi a ruwa ya koma kwando."

"Mai shi yana kwance a ɗaki mai ɗumi, ni kuma in bar jirginsa a sanyi? Ba zan iya ba."

Raili ta dube ta, ta ga ba maganar katako ake yi ba. Ta ja tsaki, ta karɓi jirgin.

Ta kai shi kusurwar da ke kusa da ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa. Ta yi masa rumfa da tamfol, ta baza garin katako a ƙarƙashinsa. Kullum da safe, kafin ta taɓa komai, sai ta ɗauki bokiti ta jiƙa garin, don raɓar ta riƙe allunan. Osmo, mai tuƙa injin ɗaga jirage, ya samu abin tsokana.

"Raili, yaushe shukar taki za ta yi fure?"

"Ranar da bakinka ya huta."

Osmon ne ya ba ni labarin cewa ko ranar Kirsimeti, da wurin ke rufe, ya ga sawunta a kan ƙanƙara daga titi zuwa ƙofar, da na komawarta. Helmi ba ta san da wannan ba, Raili kuma ba ta ga dalilin faɗa mata ba.

A watan Mayu aka fito da jirgin. Bisa al'ada, jirgin katako akan bar shi rataye a cikin ruwa har ya sha ya kumbura, wani lokaci mako ya wuce, wani ma sai an kira kafinta. Tauno ba shi da wannan lokacin. Osmo ya sauke jirgin a hankali, Raili ta shiga, ta ɗaga allon ƙasa ta leƙa. Ruwan da ya shigo bai cika kofi ba.

Ta ce wa Osmo, "Sake shi."

Washegari aka kawo Tauno a keken marasa lafiya, aka ɗauke shi aka zaunar a ciki. Tun ranar da ya ji inda jirginsa ya kwana ya juya fuska bango, don ya san abin da ɗumi ke yi wa katako. Ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya bi tsakanin allunan da yatsa, ya sake bi. Sannan ya ɗago, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Wa ya shayar da shi?"

Helmi ba ta gane tambayar ba. Osmo ya nuna Raili da haɓa, ita kuwa ta ba su baya tana naɗe igiya. Ranar suka tafi tsibirin. Tauno ya rasu kafin teku ta sake daskarewa.

Raili, ke ce kika faɗi gaskiya aka ƙi ji, kuma ba ki zauna kina jiran a ga sakamakon ba. Kin bar tsohuwa da ɗuminta, kin ɗauki wahalar a kanki. Ke ce mai faɗa da baki, mai gyara da hannu. Na san za ki karanta wannan ki ja tsaki, amma mun gode.

Masu tasowa a wannan sana'a, ku yi koyi da ita. Bokitinta na nan rataye a ƙusar kusa da ƙofa, kuma Helmi ta sake kawo jirgin bana. Wanda zai gaje ta, da bokitin zai fara.