Ciyawa a Lambun Kawu

"To ina lambuna a ciki?" in ji kawuna, mai noman rani.

Mai awon fili ya ɗora yatsa a taswirar sabuwar unguwar. "Ga gidaje, ga ofisoshin kwamfuta, duka da wutar sola. Wannan koren kuwa wurin shan iska ne, daidai inda lambunka yake, Baba."

"Ashe an bar mini."

"A'a, ciyawa za a dasa."

Kawu ya dubi tafin hannunsa. Shekara talatin yana cire ciyawa a wurin nan. Ko tsaki bai yi ba.

"Ɗan riƙe mini turken nan, Baba," in ji mai awon.

Ya riƙe, aka kafa shi tsakiyar tumatir. Sannan ya ɗauki bokitinsa ya nufi rijiya, don alayyahu bai sha ruwa ba tukuna.