Sahun da Ba Ya Taɓa Ƙwallo

Taubashina, ɗan kawuna da ke karatu a Sakkwato, shi ya kawo mana wannan shirme garinmu Jabo a cikin wayarsa, ana gab da girbin gero. Ya ce ƙwallon Amurka ce. Na karɓi wayar na duba. Ƙwallon kamar gwanda take, kuma da hannu ake ɗaukar ta. Ƙarti sanye da hular kwano su duƙa, su yi karo kamar raguna, su zube, su tashi, su taru su yi shawara, su sake duƙawa. Shawarar ma ta fi wasan yawa. Wai mutanen da suka ƙera jirgin sama ke nan.

Samarin majalisarmu, waɗanda ko ƙwallon ƙafa ba su gama iyawa ba, suka ce sai sun gwada a filin firamare. Suka rage wa wata tsohuwar ƙwallo iska, suka ɗaɗɗaure ta da roba har ta yi tsini biyu. Hula kuwa sai ta 'yan kabu-kabu, ita ma ba ta isa rabinsu ba. Nan gardama ta tashi a kan wanda ya fi shan wuya a wasan, don shi za a ba hula.

Taubashina ya ce, "Mai jifa shi ne uban tafiya. Shi ka tunani, shi ka jifa, kuma shi kowa ka nema ya kayar."

Mahaucin garinmu, wani ƙato da ke kayar da sa shi kaɗai, ya ce, "To mai cafewa fa? Shina gudu, idonai na sama, a rabko shi ta baya."

Sun kwana biyu suna wannan, mutanen da babu wanda ya taɓa riƙe irin ƙwallon a cikinsu. Abu ɗaya suka yarda da shi baki ɗaya: sahun ƙattan nan da ke duƙawa a gaba, waɗanda ba sa taɓa ƙwallo, zaman banza suke yi, an ajiye su ne su cika fili. Saboda haka ba su da hula.

Ni abin da ya dame ni ƙanena ne. Tun da ƙarfin babanmu ya ƙare, mu biyu ke riƙe da gonar gidanmu, ga shi bayana ba ya jure ɗaukar dami. Idan hannunsa ya taɓu, geron zai zauna a gona tsuntsaye da gara su raba. Na roƙe shi ya bar wasan. Ya ce, "Yaya, kai ko tuwo sai ka ji tsoron ya shaƙe ka."

Da na ga ba zai bari ba, sai na aro wayar na yi ta maimaita kallo, ina neman wurin da ba a bugun mutum. Mai jifa na ga an danne shi. Mai cafewa na ga an yi sama da shi. Sahun ƙatta kuwa, da yake ƙwallo mai ɗaukar hoto yake bi, su sai dai ka hango su a gefe sun cure wuri guda. Na yi lissafi irin na mai hankali. A ƙwallon da muka sani, wanda ba shi da ƙwallo ba a taɓa shi, in an taɓa shi alƙali ya busa. Na ce a sa ƙanena a sahun.

Taubashina ya yi dariya ya ce, "Bawana, ka kai shi cikin 'yan hutu."

Na ce, "Hutun nika so mai, ubangidan ƙarya."

Ranar wasan, bayan la'asar, aka jera. Wanda ya duƙa daidai fuskar ƙanena mahaucin nan ne, don babu hular da ta shiga kansa, gudu kuma ba ya iyawa. Aka busa. Kafin in ƙifta ido ya tattara ƙanena ya maka da ƙasa. Uban tafiya kuwa, wato taubashina, da hularsa har da ɗaure haɓa, tun kafin kowa ya matso ya wurga ƙwallon cikin bishiyar maina. Masu cafewa suna ta zagaye, gilashin hulunansu duk ya goge, ba sa ganin ko junansu.

Na shiga filin na ce, "Wagga wace irin doka ce? Ba shi da ƙwallo."

Taubashina ya ɗaga gilashin hularsa ya ce, "Ai aikinsu ke nan, su yi ta karo don kada a kai gare ni."

"Ka sani, kay yi shiru?"

"Na aza a hankali suka yi."

Aka sake duƙawa, aka sake. Duk yammacin nan babu mai hula ɗaya da ƙasa ta taɓa rigarsa. Ƙanena kuwa kowace busa sai ya sha ƙasa, kuma kunya ta hana shi fita. Har aka yi wadda ya faɗi bai tashi ba, yana riƙe da kafaɗarsa ta dama.

Muka sa shi a tsakiya a kan babur zuwa wurin maɗori a Sanyinna, ina tallafe da hannunsa ina karanta duk addu'ar da na iya. Maɗorin ya mayar da kafaɗar, ya ɗaure, ya ce kada ya ɗauki ko buta da hannun sai bayan kaka.

Da kawu ya ji, sai ya turo mini taubashina ya taya ni girbi. Ya zo gona da takalmin makaranta. Ya tsaya ya dubi geron daga wannan iyaka zuwa waccan, ya ce, "To bawana, tsakanin mai yanka da mai ɗaurin dami, wa ya fi shan wuya?"

Na ce duk biyun wuya gare su, ni zan yi su. Akwai aiki ɗaya na hutu, shi na ajiye masa, kai dami gida a ka. Na naɗa masa gammo, na ɗora masa na farko.