Gwaggon Tanko Ba A Tura Ta

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙohwar gidan Tanko da sahe ya san abin da nike hwaɗi. Mutum shi hito, shi wuce matarshi, shi wuce maƙwabta, shi je shi gaida mota! Tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda ya saya tun ana ce ma ƙasar nan Dahome, kuma sunanta Gwaggo. Sai shi shiga shi murɗa makulli rabi, shi hwara: "Gwaggo, ina kwana? Ina gajiya? Ƙaƙa sanyi? Ƙaƙa ƙahwahu? To, madalla." Sai ya kai ƙarshen gaisuwa tas, sannan shi ida murɗawa, ita ko ta yi tari ta tashi.

Ni Rabi mai kihi taubashiyarshi ce, uwata da ubanshi ciki ɗaya, don haka ban taɓa raga mishi ba. Na ce, "Tanko, kanka ɗaya kuwa? Ƙarhe kake gaisarwa?"

Ya ce, "Ke tsaya ga kihinki. Mai gazuwal akwai bujiya cikinta, sai sun yi zahi take kama wuta. Tsawon gaisuwar mutunci shi ne tsawon zahin bujiya. Wanda ya yi mata bonjur ya wuce, batir ɗinshi za shi ƙare a banza."

To gaisuwa ba ita ce babbar magana ba. Abin da Tanko ya ɗauka ya aza bisa kai shi ne, Gwaggo ba a tura ta. Kun san Malanbil ta wancan zamani, babu motar da ba ta san tahin hannun 'yan tasha ba. Shi ko gaban kowa ya dahwa ƙirji ya ce ran da hannun mutum ya tura Gwaggo, ran nan za shi aje tuƙi shi koma noman albasa. Tuƙin nan kuwa shi ne abincinshi, shi ne kuma abin taƙamarshi. 'Yan tasha sunka riƙe maganar gam. Ni ma na ce mishi, "Bawana, in Allah ya nuna mini ranar, hannuna ne na hwarko." Shekara da shekaru ina jira.

Wata ranar kasuwar Gene na cika bayan motar da kwandunan busasshen kihi. Anka yi gaisuwa, anka murɗa makulli, sai Gwaggo ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya sake, ƙyat. Wayyo daɗi! Kamin ka ce mi, samarin unguwa sun taru suna naɗe hannun riga, ni ko har na gyara ɗaurin zane.

"Malam Tanko, mu ɗan taimaka?"

"Wanda ya taɓa ta, ban yahe ba!"

Ya kunna hitila ya zagayo ya duba, ga ta ja-ja kamar garwashi ya kusa mutuwa. Ya ɗaga kapo, murhin inji, ya leƙa kan batir, sai ga hwarin gari ya cinye kos, wato bakin wayar da ke kama batir. Sai ya shige gida. Matarshi Kande ta jiƙa kanwa za ta kaɗa kuɓewa, ya sunkuce ƙwaryar ya hito da ita. Ya tuttula bisa kos ɗin, abin ya yi ta kumhwa, ya kankare da wuƙa, ya ɗaure tam. Ya koma ya sake gaisuwa tun daga ina kwana. Gwaggo ta tashi har da girgiza.

Kande ta hito da muciya a hannu. "Malam, miyar hwa?"

"Haba Kande, babba ya ci kamin yara. Gwaggo ta riga mu."

Ran nan da miya tsinkakkiya anka kwana gidan.

Sai zamanin soja, lokacin da kowa ya zama kamarad, har mai saida goro. Wani sabon jandarma ya tsaida mu bisa hanyar Gene. Batir ɗin Tanko ya yi sanyi kwanakin nan, ya san in ya kashe ta ba lalle ta tashi ba, ga mutane cike da wurin masu son lada.

Jandarma ya ce, "Kamarad, kashe mota."

"Ranka shi daɗe, tana jin magana da kyau in tana kunne."

Jandarma ya husata, ya zura hannu ya zare makulli. Gwaggo ta ci gaba da gurnaninta, ko gezau. Irin waɗannan tsohhin ba makulli ke kashe su ba, akwai wata 'yar waya ƙarƙashin sitiyari da ake ja ta yanke gazuwal, kuma Tanko ya ruhe ta da gwiwa. Bawan Allah ya dubi makulli, ya dubi mota, ya ja da baya kaɗan.

"Mi ke cikin motar ga?"

Tanko ya ce, "Kihi, da taubashiyata. Amma tunda makulli na hannun hukuma, hukuma ta kashe ta mana."

Ya jeho mishi makullin ta taga ya ce mu ɓace mishi da gani. Har munka kai Gene ina riƙe da ciki don dariya, shi ko huskar nan kamar bai yi komai ba.

Ga kuma rowa! Tanko bai taɓa cika tanki ba, wai kada Gwaggo ta saba da ƙoshi. Rowar nan ce ta kama shi tsakiyar gadar Gaya, wadda ta haɗa Benin da Nijar. Gazuwal ya ƙare ƙaf, motar ta shaƙi iska ta tsaya cak, manyan motoci sun jeru bayanmu suna ta oda. Mai gazuwal in ta shaƙi iska, ko ka zuba mata mai ba ta tashi sai an hidda iskar. Tanko ya ɗauki galan ya taka da ƙahwa ya sawo, ya zuba, ya sassauta wani ƙusa bisa matatar mai, ya zauna shina danna ɗan hwamho da yatsa a hankali, kumhwa na hita. Direbobi na zagi da Dendi, da Zabarmanci, da Hausa, shi ko har da tauna goro.

Wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya iso shina huci. "Ku tura ta ku ba mutane hanya!"

Na ce a raina, yau kam ta ƙare ma Tanko. Sai ya miƙe ya share hannu ya ce, "Yallaɓai, duba da kyau. Kanta na Nijar, gindinta na Benin. In kunka tura ta gaba, kun shigar da mota wata ƙasa ba direba ciki. In kunka tura ta baya, kun shigo da ita nan haka. Ina ce ku ne ke kama masu irin wanga aiki?"

Sai dariya ta ƙwace ma ɗan duwan. Kamin shi gama, kumhwa ta ƙare, mai ya hito sak, Tanko ya ɗaure ƙusa. Na hau mota ina jin haushi kamar in yi kuka.

To, ranar da nike jira ta zo, amma ba yadda na so ba. Ɗiyata Zinatu na aure ƙauyen Madekali, ga cikin hwari. Da damina ne. Da hantsi anka aiko cewa tun jiya take naƙuda, abin ya ƙi, ungozoma ta ce a kai ta asibiti Malanbil. Na ruga gidan Tanko ko mayahi babu. Bai tambaye ni komai ba, ya sauke buhunan shinkahwar mutane ƙasa, munka kama hanya. Ruwa ya cika wani kwari, Gwaggo ta ratsa shi, ruwan har kusa da ƙohwarta, munka isa lahiya. Ya kashe ta don kada hayaƙi shi dami yarinyar, mata sunka shimhiɗa katihwa a baya, anka ɗauko Zinatu anka kwantar.

Ya murɗa makulli. Shiru.

Ya kunna hitila, ga ta tar, batir lahiya lau. Ya duba kos, tsab. Ya karɓi taɓarya hannun wata mata ya shiga ƙarƙashi ya bubbuga demarer, injin nan ƙarami da ke juya babban, ko ya maƙale ne. Ya hito jikinshi duk laka, ya sake murɗawa. Shiru dai.

Ya ce da ni a hankali, "Ruwan kwarin nan ya shiga demarer. Sai na kwance na shanya."

"Har yaushe?"

"La'asar."

Zinatu ta yi wani irin nishi a bayan motar. Wallahi ku ji, ni da na yi shekaru ina ba'a, bakina ya kasa hurta kalmar nan ta "a tura ta". Na san abin da za ta ci mishi. Na dai tsaya ina kallonshi, hawaye na zuba.

Tanko ya dube ni, ya leƙa bayan motar. Ya cire hula ya sa aljihu. Sai ya taka bakin ƙohwar gidan ya ɗaga murya, da Hausa da Dendi, yadda har masu aiki cikin hwadamar shinkahwa sunka ji:

"Jama'a! Ku zo ku kama mini!"

Sunka ko zo, maza da mata, ƙahwahu duk taɓo. Na sa hannuna tare da nasu, ban ma san ko ni ce ta hwarko ba. Munka tura, munka tura, Tanko na ciki ya saki ƙahwa daga kuloci, Gwaggo ta zabura ta hesa muna baƙin hayaƙi a huska. Wani ya ɗaga ni ya jehwa baya wurin ɗiyata. Kamin azahar Zinatu ta sauka lahiya a asibiti, ɗa namiji. Ga shi can zaune, mai hwarar hula, yanzu shi ma da iyalinshi.

Labari kuwa ya riga mu isa tasha. Washegari na bi Tanko can, don na san ba za su bar shi ba. Ai ko sun cika, har wani ya zo mishi da hauya.

"Malam Tanko, barka da arziki! Sai gonar albasa ko?"

Ya ce, "Don mi?"

"An tura Gwaggo! Duk Madekali sun shaida."

Ya gyara zama bisa benci. "Ku dai ba ku da tarbiyya. Dattijuwa ta je baƙunta, za ta koma gida, mutanen gari sunka taso sunka taka mata. Wannan rakiya ce. Ku ba ku raka baƙo garinku?"

Tasha ta kaure da ihu. Sarkin tasha ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya. Ga Rabi nan, tana wurin, kuma kowa ya san ba ta raga mishi. Rabi, tsakaninki da Allah, turawa anka yi ko rakiya?"

Kowa ya juyo gare ni. Tanko bai dube ni ba, ƙasa shike kallo, shina murza makulli a hannu. Ran nan na hwara ganin hurhura a kanshi.

Na ce, "Ni dai na ga mutane bayanta, suna ta yi mata addu'a. Rakiya ce."

Ya ci gaba da tuƙinshi har sai da ido ya gaza. Bai taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban taɓa yi mishi ba, don tsakanin taubasai wannan abin kunya ne. Amma yau da ba shi nan bari in hwaɗa gabanku: na gode, Tanko, kuma ina kewarka ƙwarai.

Allah shi jiƙanshi, shi yahe mishi kurakuranshi, shi haskaka kabarinshi. Yadda ya aje girman kanshi don ɗiyata ta rayu, Allah shi ɗaukaka shi ran gobe. Amin.