Abin da Ban Fassara wa Kawu Ba

A shekarar da na kammala jami'a a Yamai, ina zaune gida a Filingue ina jiran aikin da bai zo ba, aka yanke shawarar kai kawuna Misira domin a duba masa idanu. Wan mahaifiyata ne, dillalin shanu da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Sanam da kasuwar Baleyara, mutumin da a da yakan hango bijimi daga nesa ya faɗi shekarunsa tun bai buɗe masa baki ba. A lokacin da nake magana ba ya bambance komai sai haske da inuwa. Ba don na fi 'ya'yansa kusanci da shi aka zaɓe ni in raka shi ba. A madarasa na yi karatuna na farko, ina jin Larabci, kuma ilimin harshe na karanta a jami'a. Kawu ya amince, amma da sharaɗi. A tashar mota, gaban jama'a, ya riƙe hannuna ya ce abin da na gani shi ne ya gani, abin da na ji shi ne ya ji, kada in rage, kada in ƙara. Na ɗauki alkawarin cikin sauƙi, domin a lokacin ina ganin kaina mutum ne da ba ya karkatar da kalma. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma rabin kiran ba'a ce.

A ƙasarmu ta Kurfai ba a lissafa Larabci cikin jerin su Zabarmanci da Faransanci. Harshen salla ne da allo da addu'a. Takarda mai rubutunsa ba ta kwana a ƙasa, ko da kwalin shayi ne, sai an ɗauke ta an soke a jikin danga. Wanda ya iya magana da shi kuwa malami ne, ko bai ce ba. Ni da na yi karatu na san cewa akwai ƙasashen da ake ciniki da faɗa da wannan harshe. Kaina ne ya sani, kunnena bai sani ba.

Ranar Lahadi muka sauka Alƙahira, kuma tun a motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi abubuwa suka fara girgiza ni. Wani mai babur ya gifta gaban direbanmu, direban ya leƙa ta taga ya zuba masa ashar da ya haɗa har da mahaifiyarsa, cikin Larabci mai kauri. Sai na ga kawu ya ɗaga tafukansa biyu, ya ce amin, ya shafa fuska.

"Mi yac ce, Mushe?"

Na ce masa direban yana neman a ba shi hanya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba, kuma na san haka tun maganar ba ta gama fita daga bakina ba.

Asibitin ya duba shi ranar Litinin, aka ce mu koma Alhamis da safe a yi aiki. Kwanakin da ke tsakani kawu ya ce na ziyara ne, domin bai san ko zai sake taka ƙasar ba. Da safiyar Talata na saya mana wani irin ƙosai a bakin titi, mai sayarwar ya naɗe shi cikin jarida, na tsaya ina kallon mai yana jiƙe haruffan da aka dake ni a kansu ina yaro. Na ninke takardar na sa aljihu. Na tsinci ta biyu a ƙasa, da ta uku. Kafin hantsi aljihuna ya cika, titi kuwa bai nuna an taɓa shi ba, sai na daina. Muka shiga manyan masallatai masu kaburburan bayin Allah a cikinsu. Na ga mata suna kuka sun rungume ƙarfen da ya kewaye kabari, na ga maza suna tura wasiƙu ta ramukansa. Duk wannan na kwatanta masa dalla-dalla, shi kuma yana jinjina kai, yana tambayar ko an share wurin da kyau.

Mun yi sallar azahar a masallacin da aka ce mana shi ne mafi tsufa a ƙasar. Da muka fito na ɓata hanyar tashar jirgin ƙasa, muka gangara wasu matakala zuwa cikin lunguna ƙunƙuntattu masu bangon dutse da sanyi. Ƙanshin turaren wuta ya cika wurin, kuma daga wata ƙofa ana jiyo karatu da Larabci, a hankali, ana jan murya, ana ambaton Allah. Kawu ya tsaya cak ya ce in kai shi.

A bakin ƙofar, kan benci, akwai wani dattijo mai farin gemu har ƙirji, da baƙar riga har ƙasa, da baƙin abu a kai mai kama da rawani. Masu wucewa suna sumbatar hannunsa suna ce masa Abuna. Kawu ya tambayi ma'anar kalmar, na ce babanmu, kuma fassarar daidai take. Ya yi sallama, dattijon ya amsa da murya mai taushi, ya tambayi daga ina muke, ya yi mana fatan Allah ya sa mun zo lafiya. Kawu ya laluba ya kama hannunsa, ya kai yatsu ya taɓa gemun, sai kawai ya tuɓe takalmansa ya durƙusa a kan dutsen.

"Wanga shehi ne babba. Ce mishi ya yi min tofi ga ido."

A daidai lokacin ne dattijon ya gyara zama, gemun ya kauce, na ga gicciye rataye a ƙirjinsa, da wani ƙarami na katako a hannunsa na dama. Na ɗaga kai na dubi saman ƙofar, nan ma gicciye. Majami'a ce, kuma daga baya na ji cewa Kiristocin ƙasar suna ziyartarta saboda sun yi imani Annabi Isa da mahaifiyarsa sun taɓa fakewa a wurin. Kiristocin da na sani a Filingue ma'aikata ne da aka turo daga wasu jihohi, kuma da Faransanci nake jin suna ambaton Ubangiji. Ban taɓa kawowa a raina cewa zan ji sunan Allah da lafazin da na koya a allo, da madda da komai, yana fitowa daga ƙofa mai gicciye ba.

Dattijon ya dube ni, ya dubi idanun kawu, ya gane. Ya tambaye ni ko mu Musulmi ne, na ce e. Ya tambaya ko wannan bawan Allah ya san ko shi wane ne, na ce ba ya gani. Sai ya ce in gaya masa cewa shi limamin Kirista ne, idan ya ji kuma yana son addu'ar, zai yi masa da zuciya ɗaya, idan ba ya so babu komai, ya tashi kada gwiwarsa ta yi ciwo. Larabcinsa ya fi na duk wanda na yi magana da shi a garin tsabta. Babu kalmar da ta shige mini duhu.

Na juya wurin kawu. Yana durƙushe, fuskarsa a sama, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaron da ke jiran a ba shi magani. Mutane biyu ko uku sun tsaya suna kallo. Na ji tsoron ya zabura ya yi wata magana, na ji tsoron kunyar da zai ji, kuma gaskiyar magana na fi jin tsoron ya ce ni na jawo shi nan. Na ce: "Kawu, ya ce zai yi maka addu'a."

Dattijon ya ɗauka na isar da saƙonsa. Ya ajiye ƙaramin gicciyen a kan benci, abin da har yau nake tunawa, ya ɗora tafinsa a kan kawu, ya roƙi Ubangiji ya warkar da bawansa, ya mayar masa da hasken idonsa, ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya. Ya hura masa iska sau uku a fuska, kusan yadda malamanmu ke yi. Kawu yana ta amin, hawaye na bin gemunsa. Daga nan ya ba shi wata 'yar kwalba ta mai, ya sallame mu.

Duk hanyar komawa kawu bai yi shiru ba. Ya ce tun da yake bai taɓa jin hannu mai sanyi irin wannan ba. Ya ce zai shafa man kafin aiki, saura kuma ya kai Filingue, akwai tsofaffi uku a unguwarmu da ido ya dame su. Ya ce in buga waya gida in shaida musu. Na ce wayar ba ta da caji.

Ranar Laraba bayan mun karya kumallo ya zaro kwalbar daga aljihun gabansa ya miƙo mini in buɗe. Ina da mafita a hannu: likita ya hana a sa komai a idon, kuma da na faɗi haka da zancen ya wuce. Amma na hango kwalbar tana yawo gida-gida a Filingue da sunan shehin Misira, da bakina a matsayin shaida. Na zauna a ƙasa gabansa na gaya masa komai, tun daga gicciyen da ke ƙirji har zuwa maganar da aka ba ni in isar ban isar ba.

Na yi zaton zai yi salati, ko ya tashi ya wanke fuska. Sai ya tambaya ko mutumin ya san shi Musulmi ne. Na ce ya sani. Ya tambaya ko da gaske ya ce a gaya masa. Na ce ya ce.

"To shi bai ɓoye ba. Kai kaɓ ɓoye."

Na fara bayanin cewa na ji tsoron ransa ya ɓaci, ya katse ni.

"Shekara arba'in ina tsakanin mai saye da mai sayarwa, Mushe. Bafillace ya hwaɗi tashi, Bazabarme ya hwaɗi tashi, ni ka kai ma kowa. Ran da nir rage kalma guda don kar ran wani ya ɓaci, ran nan na bar zama dillali. Da ka gaya min, ko in tashi ko in zamna, ni ad da zaɓi. Kai ka zaɓa min, don ka ga ba ni gani."

Wannan ne ya fi girgiza ni a duk tafiyar. Na kwana ina shirya yadda zan kare dattijon nan daga fushin kawu, ashe ba shi ne mai buƙatar kariya ba. Kawu ya tambaye ni kalmomin addu'ar ɗaya bayan ɗaya, na maimaita masa, ya ce bai ji abin da shi ba zai iya roƙo ba, amma man ba zai shafa ba, kuma ba zai kai wa kowa ba. Ya ce ba a jefa kyautar dattijo a shara. Mai gadin masaukinmu, wanda ya nuna mana alƙibla ranar da muka zo, yana da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, na lura da shi ne kawai bayan abin da ya faru. Da na faɗa wa kawu, ya ce a kira shi. Ya ba shi kwalbar da hannu biyu, mutumin ya sumbace ta ya yi godiya. Sauran yinin kawu bai ƙara tambayata me aka ce ba. Idan an yi magana kusa da mu sai ya karkata kai ya saurara shi kaɗai, ni kuwa ina zaune kamar kayan da aka manta a tasha.

Alhamis da safe, kafin a shiga da shi, likitan ya zaunar da mu a ofishinsa ya nuna mini hotunan idanun biyu. Ya ce na dama akwai kyakkyawan fata. Na hagu kuwa jijiyarsa ta riga ta mutu, aiki ba zai dawo da shi ba, ba za su ma taɓa shi ba. Ya ƙara da cewa, cikin tausayi, ba dole ne in faɗa wa tsohon yanzu ba, ina iya bari sai bayan aiki.

Kawu ya ji an daɗe ana magana. Bai juyo wajena ba, ya dai ce, yana fuskantar bango: "Duka."

Na faɗa masa na dama. Na faɗa masa na hagu, da kalmar da likitan ya yi amfani da ita, ban nemi mai laushi ba. Sannan na faɗa masa cewa likitan ya ce ina iya ɓoye masa sai an gama.

Ya sa yatsa ya taɓa fatar idon hagun, ya daɗe a haka. Ya yi hamdala a hankali. Ma'aikaciyar jinya ta turo keken marasa lafiya, ya ƙi hawa, ya ce ƙafafunsa lafiya suke. Ya miƙe, ya miƙa hannu cikin iska ta ɓangaren da nake, na matsa ya dafa kafaɗata.

"Tambaye shi, in an buɗe na daman, kwana nawa kafin in iya duban rana."

Na tambaya, likitan ya amsa, na fassara, muka nufi ƙofar ɗakin aikin.