Ƙasar da Inna Mai Dashe ba ta zubarwa

Shekara talatin Inna Mai Dashe ta yi tana renon tsirrai a bayan gida, tana jera su cikin leda a bakin titi, masu lambu suna saya. Da sana'ar ta yi rainon 'ya'ya biyar. In ka ɗebe ciwon gwiwa, ba ta da wata damuwa a duniya. Halinta ɗaya dai, ba ta zubar da komai. In tsiro ya mutu, sai ta juye ƙasarsa cikin babban tarin da ke gindin katanga, gobe ta cika wata ledar da ita.

Bana sai dashen lemonta ya shiga yaushi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Hankalinta ya tashi sosai, don tsohuwar bishiyar da take yankan reshen dashe a jikinta tana nan kusa, kuma in ta mutu sana'a ta mutu.

Autarta, wadda ke aikin binciken cututtukan shuka, ta zo ranar hutu. Ta tuge tsiro ɗaya, ta murza saiwar, sai ɓawon ya saluɓe, ya bar zare mai wari.

"Inna, fumfuna ce a cikin ƙasar. Wani ruwa take fitarwa ya narkar da abin da ya manne naman saiwar, kamar a kwashe siminti tsakanin bulo. In ya yi laushi sai ta ci. Ke kuma kina ba ta ruwa, kina sauya mata leda."

"Au, ashe ni ce 'yar aikinta?" in ji Inna. "Na kai ki makaranta don ki dawo ki kama ni da laifi."

Suka tona gindin tsohuwar bishiyar a hankali. Saiwar fara ce tas, mai tauri. Inna ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye.

Amma tarin ƙasar nan dole ya bar gidan, don fumfunar tana cikinsa. Ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata. Kwana uku tana jida a bokiti, tana tafe tana hutawa, tana mita. Da ta juye na ƙarshe a can bayan gari, ta daɗe a tsaye tana kallonsa, don wallahi ta ji ciwon rabuwar. Sannan ta kakkaɓe bokitin, ta wanke shi da ruwan zafi kamar yadda Auta ta ce, ta koma wajen bishiyarta.