Mun Raba Gadon Mahaifinmu Yana Raye

A lokacin da abin nan ya faru, ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a garin Isa, babban ɗa a gidanmu, kuma mutum mai ji da kansa. Tun ina saurayi na karanta babin gado, har ƙauyuka ake kirana in raba wa magada dukiya, ana kaɗe mini tabarma ana ce mini Malam. Na rubuto muku ne domin da wannan ilimin da nake taƙama da shi na zalunci mahaifina, ban kuwa farga ba sai da wata mata da har yau ban san fuskarta ba ta farkar da ni.

Baba manomi ne, gonakinsa uku, biyu can hanyar Bafarawa, ɗaya a bakin gari. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ruɗewar tsufa ta kama shi. Ya yi Azahar ya sake yi, ya kira ni da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Ƙanwata, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke ciyar da shi, ita ke wanke masa tufafi. Ni nawa gaisuwar safe ce da addu'a mai tsawo. Gonakin nesa sun daina nomuwa saboda rashin tsaro, ta bakin gari kuwa ido ya yi mata yawa. Sai na tara ƙanena da ƙanwata na ce tunda Baba ba ya iya komai, gara a raba kowa ya san nasa. Na zauna na yi rabo yadda littafi ya ce, na rubuta takarda, na kama babban yatsan Baba na dangwala. Yana ta yi mini murmushi. Ƙanwata ta ce, "Yaya, Baba hwa shina numhwashi." Na ce mata wannan magana ce ta ilimi, ta koma kan tukunyarta. Ta kuwa koma.

Gonar bakin gari ta faɗo a rabon ƙanena, kafin damina ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwa daga Sabon Birni. Ranar da aka yi ruwan shuka, Baba da ba ya tuna sunayenmu ya saɓi sungumi ya nufi gonarsa. 'Yan ƙwadagon mai saye suka tare shi, suka ce gonar ba tasa ba ce yanzu. Ba su zage shi ba, amma sun dawo da shi. Ya zauna a zaure da sungumin a cinya, ya ƙi fura, ya ƙi tuwo, kwana uku ƙanwata na fama ta samu ko ruwa ya sha. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga muna shirin rasa shi a kan takardar da ni na rubuta.

Ashe ƙanwata ta taɓa jin wani shiri a rediyo na lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, ta adana lambar. Ta kira, wata lauya ta ɗauka daga Sakkwato, sai ƙanwata ta miƙo mini wayar. Na gyara murya na soma bayanin yadda na yi rabon daidai, har da Larabci. Matar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Allah shi gahwarta Malam, yaushe Baba yar rasu?" Na ce yana nan da ransa. Ta ce, "To mi kunka raba? Kai ka hi ni sanin sharaɗin gado na hwarko."

Na kuwa san shi sarai: ba a gado sai mai dukiya ya rasu. Na fake da cewa ai ya dangwala hannu, ya wakilta ni. Ta ce cikin ladabi, wanda bai san abin da yake dangwalawa ba, ba shi da wakili kuma ba ya kyauta. Abin da yake buƙata waliyyi ne, wanda alƙali zai naɗa ya kula da shi da dukiyarsa, dukiyar kuma tasa ce har ranar da Allah zai karɓi ransa. Ta ce kada mu hau hanyar Sakkwato da haɗarinta, kotun shari'a ta garinmu ta isa. Ta lissafa mana abin da za mu nema: takardar likita a kan halin Baba, da dattawa biyu da suka san shi suka san gonar. Ita ta tsara mana ƙarar ta turo ta waya, kuma sau uku tana kira da kanta tana tambayar ko Baba ya ci abinci. Ban taɓa ganin mai ilimin da ya kayar da ni ba tare da ya kunyata ni ba sai ita.

Alƙalin ma ya ba ni mamaki. Ya hana a kwaso tsoho zuwa kotu, ya zo gidanmu da kansa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya tambaye shi ranar mako, bai sani ba. Ya tambaye shi gona, sai Baba ya shiga zana iyakokinta, daga gawo zuwa layin gamba, babu kuskure ko ɗaya. A zaman kotu aka soke rabona, aka warware cinikin, aka sasanta ƙanena da mai saye. Da aka zo naɗa waliyyi na gyara zama, don ni ne babba. Alƙali ya tambayi wanda ya san maganin da Baba ke sha da lokutansa. Ni ban san ko ɗaya ba. Ƙanwata ta faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ita aka naɗa, aka ce ni in taimaka da aikin gona, kuma ba mai sayar da ko taku ɗaya sai da izinin kotu. Na ji zafi a ranar, amma ko ni ne alƙalin, hukuncin ke nan.

Abin da na koya shi ne, gushewar hankali ba mutuwa ba ce, kuma zama babban ɗa ba ya ba mutum ikon da shari'a ba ta ba shi ba. Ina jan kunnen duk mai tsoho ko ɗan'uwa da ya ruɗe, kada ya zauna a zaure ya yanke hukunci da kansa, ko da shi malami ne. A nemi alƙali, a nemi lauya, akwai masu yi don Allah. A kuma saurari wadda ke jinya, ta fi kowa sanin majinyacin.

Baba ya koma gonarsa, yana ci yana sha. Abin da ya rage mini shi ne yafiyarsa, ita ce kuma ba ni da hanyar samu. Na durƙusa gabansa na faɗa masa duk abin da na yi, na roƙe shi gafara ina hawaye. Ya dube ni da tausayi, ya dafa kaina, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni.